Tsohuwar Motar Lantarki: Kafin a Biya Kuɗi, a Tambayi Batir

Da wuya a sami ɗaya daga cikinku da bai taɓa riƙe tsohuwar wayar da yaya ko baba ya gaji da ita ya bar masa ba. Gilashinta lafiya lau, kyamara tana ɗauka, sauti ras. Amma a cika ta da caji da asuba, kafin azahar ta ɗauke. Komai na wayar yana nan yadda yake, batir ne kawai ya tsufa.

To, ku ɗauka wannan wayar tana da taya huɗu, batirinta kuma ya kai nauyin buhun shinkafa shida, sannan kuɗin canza shi zai iya zarce kuɗin da aka sayi motar. Wannan shi ne halin da mai sayen tsohuwar motar lantarki yake iya tsintar kansa a ciki idan bai yi bincike ba.

Maganar ta shafe mu. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane da yawa suka fara tambayar motar da ba ta shan mai. Kuma mun san yawancin motocin da ke kan titunanmu na hannu ne, waɗanda aka gama morar su a Turai ko Amurka, muke kiransu Kwatano ko Beljiyam. Motocin lantarki ma ta wannan hanyar da yawansu za su iso. Ranar da kawu zai ga wata a wurin dillali, farashinta ya burge shi, ba mamaki ɗayanku zai miƙa wa waya ya ce, "Duba mana wannan motar a intanet." Ya kamata a same ku da amsa.

Abubuwan da babu a cikinta

Mu fara da daɗin abin. Motar lantarki ba ta da baƙin mai da za a riƙa juyewa, ba ta da filogi, ba kafireta, ba salansa, ba kuloci. Injinta na lantarki ne, sassan da ke motsi a cikinsa kaɗan ne, kuma yawancin irin waɗannan motoci giya ɗaya suke da ita. Idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur, injin yakan koma kamar janareta, ya rage gudun motar yana mayar da wuta cikin batir. Saboda haka takalman birki sukan daɗe ba su cinye ba.

Ke nan yawancin abubuwan da ke kai motar fetur gareji duk bayan 'yan watanni babu su a nan. Sai dai matsalar ta tattaru a wuri guda, a ƙarƙashin kujeru, inda aka shimfiɗa babban batir.

Darasin da aka koya a Arizona

A watan Disamba na 2010 kamfanin Nissan na Japan ya fito da wata mota mai suna Leaf, ɗaya daga cikin motocin lantarki na farko da aka ƙera da yawa don talakawan masu saye. Batirinta yana ɗaukar wutar da ta kai yunit 24, irin yunit ɗin da ake saya a mitar gida. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta auna, ta ce cikakken caji zai kai motar kilomita 117.

A gaban direba akwai wani ma'auni mai sanduna 12 da ke nuna lafiyar batir. Sabuwar mota tana nuna duka 12. Sanda ta farko takan ɓace bayan batir ya rasa kusan kashi 15 cikin 100 na ƙarfinsa, sauran kuma kowace bayan an ƙara rasa kusan kashi 6.

A 2012 masu Leaf a birnin Finiks na jihar Arizona, inda zafin bazara yakan haura digiri 40, suka fara ƙorafi. Motocin da ba su wuce shekara ɗaya ko biyu ba sun fara zubar da sanduna, alhali irinsu a garuruwa masu sanyi suna nan garau. Dalilin yana cikin ƙirar motar. Wasu kamfanoni, kamar Tesla, suna zagaye batir da bututun ruwan sanyaya, kamar yadda lagireto ke yi wa injin fetur. Batirin Leaf ta farko ba shi da wannan. An rufe shi cikin akwati, sai dai ya huce da kansa. A wuri mai sanyi hakan ya wadatar, a hamada kuwa bai wadatar ba.

Maganar ta kai har kotu. Daga baya Nissan ya ba da garanti cewa idan batir ya sauka ƙasa da sanduna 9 cikin shekara biyar ko mil 60,000, zai gyara ko ya canza. Ya kuma sauya haɗin sinadaran batirin domin ya fi jure zafi.

Ku tsaya ku yi tunani a nan. Zafin Finiks ba baƙo ba ne a wurin mutumin Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu. Motar da ta sha wuya a Arizona, haka za ta sha a wurinmu.

Me ke faruwa a cikin batirin?

Masu darasin kimiyyar sinadarai za su gane wannan da sauri. Batirin waya da na mota duk na sinadarin litiyam ne. Kowane ƙwayar batir yana da ɓangare biyu da wani ruwan sinadari a tsakani. Idan ana caji, ƙwayoyin litiyam suna tsallakawa daga ɓangare ɗaya su shige cikin ɗaya, wanda aka yi da irin baƙin abin da ke cikin fensir. Idan mota na tafiya sai su komo, wannan komowar ce ke ba da wuta.

Sai dai ba duka ne ke komowa ba. A hankali wani siririn ɓawo yana taruwa a fuskar ɓangaren baƙin, yana kama wasu ƙwayoyin litiyam ya riƙe su har abada. Duk wanda aka kama, ƙarfin batir ya ragu ke nan. Wannan yana faruwa ko ana hawan mota ko tana ajiye, shi ya sa motar da ba ta yi tafiya da yawa ba ma batirinta zai iya tsufa.

Zafi yana hanzarta wannan aiki. Kun san madara ta fi saurin lalacewa a rana fiye da a cikin firji. Malaman sinadarai suna da wani ƙiyasi cewa ƙarin digiri 10 na zafi yakan kusan ninka saurin haɗuwar sinadarai da yawa. Abu na biyu da ke gajiyar da batir shi ne a cika shi maƙil a bar shi kwana da kwanaki, musamman cikin rana. Na uku shi ne yawan caji mai sauri, domin yana ɗumama batir.

Ba kowace mota ce ke tsufa da saurin Leaf ta farko ba. Kamfanin Geotab na Kanada, wanda ke tattara bayanai daga dubban motoci, ya ce a 2019 batir yana rasa kusan kashi 2.3 cikin 100 a shekara, a 2024 kuma ya ce adadin ya sauka zuwa kashi 1.8. Wannan matsakaicin lissafi ne. Mota mai ruwan sanyaya a ƙasa mai sanyi za ta fi haka kyau, marar shi a ƙasa mai zafi za ta fi haka muni.

Mu mayar da shi kilomita. Leaf ɗin da ta rage da kashi 70 cikin 100 za ta yi kusan kilomita 82 maimakon 117. Wato kusan nisan Kaduna zuwa Zariya ke nan, ba tare da saura ba. A kunna na'urar sanyaya ɗaki kuma, nisan ya ƙara raguwa.

Nawa ne kuɗin gyara?

A 2014 Nissan ya sanar da farashin sabon batirin Leaf a Amurka: dala 5,499, bayan mai mota ya miƙa tsohon batirinsa, ban da kuɗin aiki. A lokacin wannan kuɗi bai kai darajar motar ba. Amma mota tana tsufa darajarta na faɗuwa, har aka kai lokacin da canza batir ya kusa ko ya wuce kuɗin motar kanta. Motoci masu manyan batura, masu ɗaukar yunit 60 ko fiye, kuɗin canza nasu yakan haura dala 10,000. Ku ninka da canjin dala na yau, ku ƙara kuɗin jirgin ruwa da na kwastan, za ku ga inda lissafin ya dosa.

Akwai labari mai daɗi ta ɓangare biyu. Na farko, farashin batir a duniya yana sauka. Cibiyar bincike ta BloombergNEF ta ce a 2010 batir mai ɗaukar yunit ɗaya ya haura dala 1,000, a 2024 kuwa matsakaicin farashi ya dawo dala 115. Wannan farashin da kamfanoni ke saye ne, mai mota ɗaya zai biya fiye da haka, amma dai alƙiblar a bayyane take.

Na biyu, ba kullum ne ake buƙatar canza batir gaba ɗaya ba. Batirin Leaf ta farko an haɗa shi da ƙananan fakiti 48, kowane da ƙwayoyi huɗu, jimilla 192. Da yake a jere aka haɗa su, fakiti ɗaya mai rauni yana iya jan sauran ƙasa, kamar yadda ɗalibi ɗaya mai ɗingishi zai rage gudun duk tawagar tseren miƙa sanda. Ƙwararren ma'aikaci zai iya gano mai raunin ya canza shi kaɗai, da kuɗi ƙasa sosai. Amma sai an sami ƙwararren.

Yawancin kamfanoni yanzu suna ba batir garantin shekara takwas ko kilomita 160,000. Sai dai motar da ta haura shekara takwas ta fita daga ciki, kuma garantin da aka bayar a Amurka ko Jamus da wuya ya yi wa wanda ke Kano amfani.

Ƙananan abubuwan da ke tsayar da babbar mota

Abin mamaki, abin da ya fi yawan hana motar lantarki tashi da safe ƙaramin batir ne mai bolt 12, irin na kowace motar fetur. Shi ne ke kunna kwamfutar motar, ita kuma ta ba babban batir izinin aiki. Idan ƙaramin ya mutu, ko da babban a cike yake, mota ba za ta motsa ba. Sa'ar da aka yi, wannan gyara ne mai araha. Amma wani lokaci laifin na na'urar da ke yi wa ƙaramin batir caji ne. A 2024 kamfanonin Hyundai da Kia sun kira dubban motocinsu na lantarki a Amurka domin gyara irin wannan na'ura, wadda idan ta lalace mota na iya rasa ƙarfi tana cikin tafiya.

Sai allon gaban direba. A wasu motocin kusan komai ta allon ake sarrafa shi. A watan Fabrairu na 2021 Tesla ya kira motoci kusan 135,000 samfurin Model S da Model X, saboda wata 'yar ma'ajiyar bayanai mai gigabait 8 da ke bayan allon tana ƙarewa da yawan rubutu da gogewa. Idan ta gaji allon ya mutu, kyamarar baya ta ɗauke, har na'urar goge raɓar gilashi ba za ta kunnu ba. Abin da bai kai girman farce ba ya nakasa mota mai tsada.

Taya ma tana ci da sauri, domin batir ya sa motar ta fi takwararta ta fetur nauyi, ga kuma saurin fizga daga tsaye. Nauyin nan yana gajiyar da ƙafafun mota a hanya mai ramuka. Birki kuwa, da yake ba a cika amfani da shi ba, yana iya yin tsatsa ya cije.

Haɗari shi ma yana da tsada. Batir a ƙasan mota yake, don haka dutse ko tudun rage gudu mai tsayi zai iya lotsa akwatinsa. A watan Janairu na 2024 kamfanin hayar motoci na Hertz ya ce zai sayar da motocin lantarki kusan 20,000, kuma cikin dalilansa har da tsadar gyara bayan haɗari.

Gobara da ambaliya

Wani lokaci matsalar daga masana'anta take. A 2021 General Motors ya kira dukkan motocin Chevrolet Bolt da ya ƙera zuwa lokacin, sama da 140,000, bayan an gano lahani a wasu ƙwayoyin batir da kamfanin LG na Koriya ta Kudu ya yi, lahanin da ke iya haddasa gobara. An canza wa da yawansu batir kyauta. A shekarar ce kuma Hyundai ya yi irin wannan kira kan motarsa Kona ta lantarki.

Ga mai sayen ta hannu, wannan takobi ne mai kaifi biyu. Bolt ɗin da aka canza wa batir tsohuwar mota ce mai sabuwar zuciya, sayenta riba ne. Wadda ba a kai ta gyara ba kafin a ɗora ta a jirgi, haɗari ce. Kowace mota tana da lambar shaida mai haruffa da lambobi 17 a gindin gilashin gaba. Idan daga Amurka ta fito, ana iya shigar da lambar a shafin hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasar, kyauta, a ga ko akwai kiran gyaran da ba a amsa ba.

A kuma yi hattara da motar da ruwa ya ci. Bayan guguwar Ian ta afka wa jihar Fulorida a 2022, an ga motocin lantarki da ruwan teku ya shanye suna kamawa da wuta kwanaki bayan ruwan ya janye, domin gishiri yana haɗa wayoyin da bai kamata su haɗu ba. Irin waɗannan motoci akan yi gwanjonsu da araha, wasu kuma su ƙetaro teku an wanke su tas. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Idan ta iso gida

Bakin caji ba iri ɗaya ba ne a duniya. Tsohuwar Leaf tana amfani da na Japan mai suna CHAdeMO wajen caji mai sauri, Turai tana da nata, Sin tana da nata. Wayar cajin da ta zo da tsohuwar mota daga Amurka kuma, sau da yawa an yi ta ne don wuta mai bolt 120, alhali tamu 230 ce. A cusa ta a soket ɗinmu ba tare da karanta abin da aka rubuta a jikinta ba, tana iya ƙonewa nan take.

Ga lissafin fiziks mai sauƙi. Soket mai bolt 230 da ke ba da amfiya 10 yana fitar da wat 2,300, wato yunit 2.3 a awa guda. Cika batir mai yunit 24 zai ci sama da awa goma. Sai a tambaya: unguwarmu tana samun wuta awa goma a jere? Ƙaramin janaretan nan na kunna fanka da talabijin ba zai iya ba.

Tambaya mafi girma ita ce wa zai gyara. Bakaniken unguwa gwani ne a kan inji, mai gyaran wayoyin mota kuma ya saba da bolt 12. Batirin Leaf yana da kusan bolt 360, wutar da ke kisa. Duk wayar da aka yi wa launin ruwan lemo a cikin motar lantarki gargaɗi ce: kada wanda bai sami horo ba, ba shi da safar hannu ta musamman, ya taɓa ta. Wannan ya haɗa da ku, komai son bincikenku.

Abin da za ku gaya wa kawu

Ba a cinikin biri a sama. Kafin a biya kuɗi, a nemi sanin kashi nawa cikin 100 ya rage na lafiyar batir. Akwai 'yar na'ura da ake cusawa a wani soket ƙarƙashin sitiyari, ta aika bayani zuwa waya. Ga Leaf, manhajar LeafSpy tana nuna lafiyar batir da ƙarfin ƙwayoyinsa. Kada a dogara da sandunan gaban direba kaɗai, domin ana iya goge ƙwaƙwalwar na'urar batir ta nuna cikakkiyar lafiya na ɗan lokaci. A cika motar da caji, a yi tafiya mai ɗan nisa da ita, a kwatanta kilomitar da aka ci da cajin da ya tafi.

A tambaya ko batirin yana da ruwan sanyaya. A duba lambar shaida. A leƙa ƙasan mota ko akwai lotsawa, a ɗaga kafet a nemi laka, tsatsa ko warin ruwa. A gwada caji a gaban mai sayarwa. Sannan a san sunan wanda zai gyara ta da inda za a samo kayanta tun kafin ta lalace.

Idan an saya, a riƙa ajiye ta a inuwa, a tsaya a kashi 80 a cajin yau da kullum sai in littafin motar ya ce akasin haka, kada kuma a bar ta ta daɗe babu caji ko kaɗan.

Gurbin da ke jiran ku

Motar lantarki ta riga ta shigo. A 2020 aka nuna Hyundai Kona ta lantarki da aka harhaɗa a Legas. A 2021 hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan motocin bas na fetur zuwa na lantarki. Kekunan adaidaita da babura masu batir suna ƙaruwa a garuruwanmu.

Duk waɗannan batura za su tsufa, kuma dole wani ya auna su, ya gano ƙwayar da ta gaji, ya canza ta. Ko batirin da ya gaza jan mota bai mutu ba. A 2018 filin wasa na Johan Cruijff da ke Amsterdam ya fara adana wuta a rumbun da aka haɗa da sababbi da tsofaffin batiran Leaf. A ƙasar da gidaje da shaguna ke komawa sola, wanda ya iya wannan aiki ba zai rasa abin yi ba. Mafarinsa kuwa darussan da kuke yi yanzu ne: dokar Ohm, haɗin jere da haɗin gefe da gefe, da yadda zafi ke sauya saurin haɗuwar sinadarai.

Gwada da kanka

A watan Afrilu na 2024 an sa farashin yunit ɗaya na wuta naira 225 ga masu rukunin A. A wannan farashi, cika batir mai yunit 24 zai ci naira 5,400, ya kai mota kilomita 117. Yanzu ka ɗauka wata motar fetur tana shan lita 8 a kowace kilomita 100. Tambayi farashin lita a gidan man da ya fi kusa da ku, ka lissafa abin da za ta ci a wannan nisa, ka fitar da bambancin. Sannan ka nemo canjin dala na yau, ka mayar da dala 5,499 zuwa naira. Kilomita nawa mai motar lantarki zai yi kafin rarar da yake samu ta biya masa kuɗin sabon batir? Kai amsarka wurin malamin lissafi ko na fiziks, ku duba tare a aji.